Asabar a Bakin Ruwan Concón

Valparaíso, 6 ga Yuli

Aminina Gastón,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikin uwargida Eliana, yaya kuma gwiwar taka? Mu nan lafiya, sai sanyi.

Ranar Asabar na je Concón, inda kogi ke shiga teku. 'Yan mujiyoyin nan masu zama a rami suna nan, amma gidaje sun cinye rabin yashin. Na tuna zamanin da muke hawa motar farko zuwa kallon tsuntsaye mu uku, ni da kai da Hernán, da shayi a gora da madubin hangen nesa guda ɗaya da muke faɗa a kansa.

Ka san shekara goma sha ɗaya ba ma magana da Hernán, tun ranar da na ƙaryata shi a gaban mutane kan shahon da ya ce ya gani. Jiya 'yarsa Ximena ta kira ni. Idonsa ya tafi, jiki ma ya ƙi. Wai ya ce in kai shi bakin ruwa. Ban ba ta amsa ba, kunya nake ji.

Naka,
Osvaldo

Valparaíso, 20 ga Yuli

Gastón,

Ina fata kuna lafiya. Na sami wasiƙarka, zagin ma na karɓa, na kuma je.

Hernán ya rame ƙwarai. Da ya ji muryata sai ya ce, “Tsoho, ka makara kamar kullum.”

Na riƙe hannunsa har kan yashi, na lulluɓe shi da bargo. Ina duba, ina faɗa masa abin da na gani. Wani tsuntsu ya yi kuka a sama, na ce shirwa ce.

“Shaho ne, sakarai. Makaho ma ya fi ka gani.”

Na sake dubawa, shaho ne kuwa. Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Wajen la'asar babbar mujiyar fadama ta fito tana shawagi ƙasa-ƙasa bisa ciyawa. Ya ce in yi a hankali, in faɗa masa komai, har launin fikafikanta. Ban taɓa kallon tsuntsu haka ba.

Ban ce ya yafe mini ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Asabar zan sake ɗaukarsa. Ka taho, Gastón, ko da sanda ne. Ximena ta ce likita bai sa ran zai ga wani hunturun ba.

Ka gaida Eliana.

Amininka,
Osvaldo