Inda Yatsanki Ya Tsaya

Zuwa ga Juwairiyya, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da nake hutawa, abokiyar gardamata wadda ban taɓa kayarwa ba, ban kuma taɓa gajiya da gwadawa ba.

Assalamu alaikum. Yaya jiki? Yaya hannun? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Baba da Inna da duk mutanen Fagam.

Yayanki Abdulsalami ya same ni a ofis da saƙonki. Ya ce da an gama yankan dawa Kawunku zai zo Birnin Kudu ya mayar da kayan sa-rana. Wai kin ce ba za ki shiga gidanmu da hannun dama da ba ya damƙa ba, ki riƙa miƙa wa mahaifiyata abinci da hagu, kuma aikin kwamfuta ya ƙare miki. Kansa a sunkuye ya faɗa. Na ba shi ruwa, na raka shi tasha, na dawo na zauna ina kallon kujerarki har aka kira la'asar.

Juwairiyya, kwamfutarki tana nan a kunne. Tun Alhamis ɗin da direba ya dame ki da odar mota, kika zari mayafi kika ce sai Asabar, motar kuma ta kife da ku a hanyar Gwaram, kwamfutar ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Kin bar ta a tsakiyar layi, cikin manhajar nan da muke haɗa wa manoman riɗi na Sundimina. Kin buɗe baka, alamar nan ta rubutu, ba ki rufe ba. Siririyar sandar nan ta kan allo tana gaban harafinki na ƙarshe tana ƙiftawa, tana jiran yatsan da ya tafi ganin gida. Idan aka ɗauke wuta, rungumarta nake yi in ruga shagon Malam Ɗan'azumi mai sola, a buɗe, kamar mai ɗauke da kwanon miya. 'Yan layin kasuwa sun fara nuna ni da baki, ni kuwa ko a jikina.

Kin tuna yaƙinmu? Ke da Vim, ni da Emacs, manhajoji biyu da aikinsu ɗaya ne, rubuta wa kwamfuta umarni, amma muka mai da su kamar ƙungiyoyin ƙwallo. Nakan ce naki rami ne, duk wanda ya faɗa ciki bai san hanyar fita ba sai ya cire wayar wuta. Kikan ce nawa sai mai yatsu ashirin, wai idan ina danne maɓallai uku a lokaci guda kamar mai kama fara nake. Har ranar da muka hau Dutsen Habude da ƙanwarki Hapsatu ba mu bari ba. Muna tsaye gaban shanun nan da magabata suka zana a jikin dutse, kika dube su, kika dube ni, kika ce tabbas mai zanen ɗan Vim ne, don layi kaɗan ya ja ya gama magana. Dariyarki ta bugi dutsen ta dawo. Wayyo, wannan dariyar! A ranar na san na shiga uku, na kuma yi murna da shigar.

Yanzu shirun ofis ɗin nan ne yake neman zautar da ni. Ke kina da ɗabi'ar danna maɓallin Esc sau biyu, na biyun ya sa kwamfuta ta yi 'yar ƙara, ƙit, ni kuma in ce kin tashi aljanu. To, sun tashi. Da rana tsaka, kasuwa ta yi tsit, fanka ta tsaya, sai in ji ƙit daga teburinki. In waiga, babu kowa, sai mayafin da kike rufe allon da shi, da kofin shayinki a kife. Wani lokaci ƙamshin turarenki ne yake wucewa ta bayana. Rannan na ji kaina ina ba ki amsa da ƙarfi a kan gardamar da muka yi tun bara. Mutum yana raye a Fagam, yana cin tuwo yana shan iska, ta yaya zai zama fatalwa a Birnin Kudu? Wa ya koya miki wannan, ya hasken gidana da ba a kunna ba tukuna? Ina kewarki, Juwairiyya, kewar da take hana ni jin ɗanɗanon abinci, kuma ina jin tsoro.

Malam Ɗan'azumi ya ce batirin ya kumbura, ba zai kai sanyi ba. Na san me za ki ce: sakarai, ka danna Esc ka adana aikin mana. Na iya, ai ke kika koya mini. Amma ke ma kin san halin Vim, da an danna Esc sai sandar ta ja baya taki ɗaya. Ta bar inda yatsanki ya ajiye ta ke nan. Na sha kai hannu in janye. Ba zan zama wanda ya matsar da ke ko da harafi ɗaya ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Tun da Abdulsalami ya tafi, kullum na zo ofis sai in ɗaure hannuna na dama a baya da rawanin Babana, in yi aiki da hagu. Da Emacs na fara, don taurin kai. Kafin azahar yatsuna sun ƙage, na kusa yin kuka. Sai na buɗe Vim a tawa kwamfutar, ina jin kamar kina bayana kina murmushin mugunta. Maɓalli ɗaya, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Ba ya neman a haɗa masa yatsu. Maɓallan da suka yi nisa na sauya musu mazauni, na dawo da su ƙarƙashin hagu. Da farko kamar kaza tana tsintar tsaba nake, yanzu kuwa na gama sashen farashin riɗi gaba ɗaya, yana kuma aiki. To ga shi a rubuce, ki nuna wa Hapsatu ta zama shaida: kin ci ni. Naki ya fi. Shekara da shekaru ina musu, ashe kin zaɓi wanda zai jira ki ne.

Ba na cewa na san abin da kike ji. Ni da yamma kwance rawanin nake yi, hannuna ya dawo. Ke ba ki da abin kwancewa. Abin da na sani kaɗai shi ne aikinki bai ƙare ba, na gwada da jikina na gani.

Maganar miƙa abinci kuwa, na kai wa Innata yadda kika faɗe ta. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce: "Ka gaya mata ta kawo da hagun. Ni ma da hagu zan karɓa, sai mu ga wanda zai yi magana."

Don Allah, ya farin watana, ki ce wa Kawu ya yi zamansa. Dawa ta fara sunkuyar da kai, kowace safiya na bi ta gonaki gabana faɗuwa yake yi. Ban ce ki zo gobe ba, ban ce ki daina baƙin ciki ba. Ki zo kawai kafin batirin nan ya mutu, ki zauna a kujerarki, ki rufe bakan da kika buɗe da duk yatsan da kika ga dama. Idan kin rufe kika ce tafiya za ki yi, ki danna Esc da kanki, ina tsaye ina kallo. Ni dai ba zan danna ba.

Wannan takarda ma da hagu na buga ta, a cikin Vim, kuma da hagu zan miƙa wa direban Gwaram, ya yi haƙuri. Na daɗe ina tsokanarki cewa wanda ya shiga bai san hanyar fita ba. Yau na san ta sarai, harafi biyu ne, ina ganinsu a ƙarƙashin yatsuna. Ina ciki, Juwairiyya.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni,
Safiyanu
Birnin Kudu