Sunana a Allon Sinima

Talata, 14 ga Maris, 1972. Milano.

Dottore Galimberti ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kofi da hannunsa. Tun da na fara yi wa maɗaba'arsa rubutu bai taɓa ba ni ko ruwa ba, sai na san ba lafiya. Za su daina buga ƙananan littattafan 'yan sanda. Wai mutane sun koma kallon talabijin, littattafan sai su yi ta kwana a rumfar masu jarida har rana ta cinye bangonsu.

Shekara ashirin ina kashe mutane a kan takarda da sunan Rex Halloran, Ba'amurken da bai taɓa wanzuwa ba. Yau an kashe shi, kuma ba ni na kashe shi ba.

Na faɗa wa mijina Duilio. Ya ce, “To, Fulvia, yanzu dai na huta da kishi. Wane miji ne matarsa ke kwana da wani Rex a ka?” Na yi dariya don kada in yi kuka.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Abin mamaki! Wani dogon mutum ya buga ƙofa, da tabarau baƙi ana ruwan sama. Saverio Lanzoni, daraktan fim, daga Roma. Ya same ni da hannu duk garin fulawa.

“Sinyora, maigidan yana nan? Sinyor Halloran nake nema.”

Na nuna masa Duilio da ke zaune kusa da rediyo. Ya je ya riƙe hannunsa yana ta zuba: Maestro kaza, gwani kaza, wurin da aka shaƙe alƙali da igiyar labule ya hana shi barci. Duilio ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, “Ɗana, ni ko kaza ban iya yankawa. Mai shaƙe mutane ga ta can tana murza taliya.”

Mutumin ya cire tabarau. Ya zauna ya ci faranti biyu. Yana so ya mayar da littafin alƙalin fim, kuma yana so ni in rubuta.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Na ce ba zan je Roma ba. Wa zai ɗiga wa Duilio magani a ido? Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama inuwa kawai yake gani. Shi da ya yi rayuwarsa yana jera haruffa a maɗaba'a, shi ne mai fara karanta duk abin da na rubuta. Littafi biyun ƙarshe bai karanta ba. Na yi kamar ban lura ba, shi ma haka.

Ya ce ƙanwarsa Wanda za ta zo ta zauna da shi. “Tafi, tsohuwa. In kika zauna, ni za ki fara kashewa.”

Litinin, 8 ga Mayu. Roma.

Ɗakin haya a hawa na uku, taga na kallon shanyar mutane. Na kai wa Saverio shafukan farko ina ji da kaina. Ya karanta a tsaye, ya ɗauki jan biro.

“Nan kin ce ta tuna da mahaifiyarta, tsoro ya kama ta. Sinyora, ina zan sa kyamara? A cikin kanta?”

Na ce masu karatuna ba su taɓa ƙorafi ba. Ya ce masu karatuna suna da lokaci, nasa 'yan kallon suna cin gyaɗa suna sumbatar juna. Ya soke rabi. Ɗan rainin hankali. Da a littafi ne da tuni an tsinci gawarsa a kogi.

Alhamis, 18 ga Mayu

Ya sake sokewa. Na haɗa akwati, na kwance.

Asabar, 10 ga Yuni

Na buga wa Duilio waya daga shagon kofi na ƙasa, na karanta masa wurin da matar alƙali ke jiran 'yan sanda. Na cire duk tunaninta. Ta dai zauna tana ɗinke maɓallin rigar mijinta, mijin da ke kwance a ɗakin sama ba rai. Sufeto ya shigo ya ce, “Kin ji wani abu jiya?” Ta ce, “Miƙo mini almakashi.”

Na kai ƙarshen shafin. Sai Duilio ya ce, “Ita ce, ko? Ita ta yi.” Ya ce ya gan ta ƙuru-ƙuru, har launin zaren.

Ya gan ta. Na tsaya da kan waya a hannu, mai shagon na tambayata ko lafiya.

Saverio bai soke ko kalma ba. Ya ce, “To, yanzu kin iso Roma.” Na janye gawar daga kogi.

Laraba, 20 ga Satumba

Wurin ɗaukar fim. Gidan alƙalin da na ƙirƙira a kicin ɗina sun gina shi da katako da kwali, har da labulen. Mutane sun fi na kasuwa, kowa na ihu, kuma duk saboda abin da na buga a tsohuwar tafireta. Na ji kunya, na ji daɗi.

Furodusa yana so a sa Rex Halloran a allo, wai sunan Amurka ya fi jan mutane. Ni har na ɗaga kafaɗa, na saba. Saverio ne ya buga tebur. Abin da na tsinta cikin hayaniyar: “Ku kawo mini Rex ɗin ya gyara shafi na arba'in, in gani!” Suka yi ta yi da hannuwa kamar za a doku, daga baya suka tafi cin abinci tare. Za a sa Fulvia Bertazzoli.

Ban gode wa Saverio ba. Bakina ya ƙi. Gobe zan kai masa cukui daga cikin wanda Wanda ta aiko mini.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, 1973. Milano.

Mun je sinimar unguwarmu, ni da Duilio da Wanda. Ya sa kwat ɗin bikinmu, maɓallin ciki ya ƙi rufuwa. Mun zauna layin gaba. Da sunaye suka fara fitowa ya matse mini hannu: “Ya zo? Ya zo?” Na ce ya zo. “Manya ne haruffan?” Na ce manya. Matsakaita ne.

Na yi niyyar in riƙa raɗa masa abin da ke faruwa, ya ce in rufe baki, yana ji. Wurin almakashi wata mata a bayanmu ta ce, “Wayyo, muguwa!” Duilio ya juya ya ce mata, “Matata ce ta rubuta.” Matar ta ce, “To Allah ya tsare ka, bawan Allah.”

Jarida ɗaya ta ce fim ɗin shara ne. Wanda ta naɗe kifi da ita.

Na shiga coci a hanyar dawowa, na kunna kyandir. Ban roƙi komai ba, godiya kawai.

Talata, 5 ga Yuni

Talabijin! Akwatin da ya cinye mini sana'a shi ke nemana. Labarin sufeto, kashi-kashi, duk Lahadi. Saverio ne ya kai sunana, ko da yake ya rantse ba shi ba ne. Sharaɗinsu: ba jini, ba zagi, yara na kallo. Sharaɗina: a gida zan rubuta, kusa da mijina. Sun yarda.

Asabar, 15 ga Satumba

Haka muke aiki yanzu: in karanta da ƙarfi, Duilio ya amsa da muryar mutanen. Ya fi son Zeno, tsohon ɗan sane da ke kai wa sufeto gulma a ba shi miyar wake. Na saka shi ne don cike gurbi, shafi ɗaya. Duilio ya ba shi tari da wata 'yar dariya ta hanci, sai ga shi a kowane kashi.

Lahadi, 20 ga Janairu, 1974

Maƙwabta sun cika falo, har da matar mai gadi da ta daina gaishe ni tun rigimar shanya. Da Zeno ya sace agogon sufeto ya mayar masa da shi a gyare, aka fashe da dariya. Duilio na faɗin maganar kafin ɗan wasan ya faɗa, Wanda na zungurinsa.

Na tsaya bakin ƙofar kicin ina kallonsu, ba akwatin ba. Ina da shekara hamsin da huɗu. Ban yi zaton akwai sauran wani abu a gaba ba.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Suna son zagaye na biyu. Na riga na san mafarinsa: a tsinci Zeno a tashar jirgi da harsashi a ƙirji, sufeto ya haukace. Abin da labari ke so ke nan. Wanda mutane suka fi so shi ake kashewa, haka na yi duk rayuwata.

Na karanta wa Duilio. Bai amsa da muryar kowa ba. Ya lalubi kofinsa, ya ce, “Yana da kyau.” Can ya ce, “Tsoho ne fa, Fulvia. Bai tare wa kowa hanya ba.” Na ce ba a rubuta labari da tausayi. Ya ce haka ne, ni na sani. Ya tashi ya kwanta tun rana ba ta faɗi ba.

Alhamis, 7 ga Fabrairu

Na aika shafukan Roma. Harsashin a kafaɗa ya sami Zeno. Zai yi kashi biyu a asibiti yana sace wa masu jinya alewa, ya dawo.

Saverio ya bugo waya: “Sinyora, lafiya? Shafi talatin ba gawa ko ɗaya. Kin yi laushi ne?” Na ce ya kiyaye ni, sufeto na buƙatar mai kawo masa labari, shi ke nan, dabarar aiki ce.

Dabarar aiki ce.

Duilio na falo yana gwada yadda mai ciwon kafaɗa zai yi tari. Bari in je, ya ce wai bai fito daidai ba.