Karatun Da Na Sa Likitoci

Zuwa ga ƙanina, Auta,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da na dame ka, na san marasa lafiya ba sa barinka ka zauna. Ya aiki, ya iyali? Da fatan tarin ƙaramar ya lafa. Mu nan sai godiyar Allah.

Ka san shekara biyu ke nan ina buga takardu a ofishin wadda ma'aikata ke kira Likitar Barci. A haife na haife ta, amma ban taɓa ganin mai kiyaye aiki kamarta ba. Akwai wata takardar tambayoyi da ake gwada sanin likitoci da ita kan ciwon nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, mutum ya kwana minshari, ya wuni gyangyaɗi. Wata takwas ta yi tana mayar da ita harshenmu. Kafin a yarda da fassarar, sai likitoci talatin sun cika ta sau biyu, mako biyu tsakani. Ni ta ɗora wa rabawa da karɓa.

A zagayen farko na ga manya masu furfura suna zaɓar "ban sani ba", suna miƙo mini takarda ba sa kallona. Tausayi ya kama ni. Ka tuna gaban Malam a makarantar allo, abin kunya ne ka dawo da kuskuren jiya. Sai na ɗauka zagaye na biyu na gyara ne. Duk wanda na karɓi tasa, na raɗa masa zan dawo da ita, ya ɗan duba littafi. Likitan ƙashi har ya ce tun da ya bar makaranta ba wanda ya ba shi aikin gida sai ni.

Sun kuwa yi karatu. Ashe abin da ake nema, mutum ya maimaita amsarsa. In ta sauya, to fassarar ce ke rikita mutane. Da amsoshin zagaye na biyu suka sauya, kwana uku Likitar Barci tana gaban kwamfuta, shayinta na hucewa, tana bin jimlolinta ɗaya bayan ɗaya tana neman inda ta kuskure. Ba ta zargi kowa ba. Da na fahimci abin da na yi, na rufe ƙofar ofis na faɗa mata.

Ta cire tabarau. Can ta yi dariya har da share ido, ta ce shekara uku tana roƙonsu su karanta, sai ni suka ji. Ta ce laifinta ne da ba ta yi mini bayani ba. Wani abokin aikinta ya ba ta shawara ta cire takardun da suka fi sauyawa, ba mai sani. Ta ƙi. Ta ajiye talatin ɗin duka a gefe, ta rubuta dalili a rahoto, ba ta ambace ni ba.

Yanzu saura mako biyar ta miƙa aikin, in ya wuce sai baɗi. Likitocin nan duk na ɓata su. Don Allah ka nemo mata talatin a asibitinku. Kai ba ka ciki, tunda ka riga ka ji. Kada kuma tausayinsu ya kama ka, jininmu ɗaya, na san halinka.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara. Ka ba ni amsa cikin makon nan, ko da a'a ce, don in san abin da zan faɗa mata.

Yayarka.