Kan Kaisar, Girar Mai Gurasa

Laraba, 21 ga Amshir, shekara ta biyu ta Kaisar Galba

Na rubuta sunan a sama kafin jirgin Iskandariya ya iso. Ashe an kashe shi tun watan jiya. Sabon Kaisar, wato sarkin Roma, sunansa Oto.

Jiya jiyan nan Baba ya gama sassaƙa kan Galba. Ya zauna yana kallonsa, ya ce, "Ko wuya bai hau ba." Gangar jikin gunkin Kaisar da ke tsaye a dandalin kasuwa ba ta canzawa tun ina yarinya, kai kawai ake zarewa a dasa wani. Hakimi ya aiko yana son sabon kai kafin bikin girbi.

A littafin soyayyar da nake karantawa, na kai inda 'yan fashin teku suka sace budurwar. Na yi kuka kaɗan.

Jumma'a, 23 ga Amshir

Ba a aiko da kamannin fuskar Oto ba, kuma babu wanda ya taɓa ganinsa a garin nan. Wani matuƙin jirgi ya ce matashi ne, ɗan gayu, mai son turare. Iyakar abin da muka samu ke nan.

Baba ya miƙo mini gawayi da allo. Idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa yanzu, ko da yake ba ya so a faɗa. "Hirayis, ke da kike cinye littattafan soyayya, zana mini namiji kyakkyawa. Kaisar ai ba ya muni."

Na zana. Hannuna ne ya tafi da kansa.

Asabar, 24 ga Amshir

Dosi ne. Dosi ɗan Sambatiya mai gurasa, shi na zana, wanda ban taɓa ce wa komai ba sai "biyu" da "na gode". Har tabon da tanderu ya yi masa, wanda ya raba girarsa ta hagu. Baba ya ce tabon ya ba shi kwarjinin soja, a bar shi.

Na bar tabon.

Lahadi, 16 ga Baramhat

Baba yana fasa dutse, ni ina nuna masa inda zai bi da yatsa. Yau ya ba ni ƙaramin ƙarfen na gyara leɓe. Duk na yi fari da ƙura.

Gwaggo Tabisa ta shigo da abinci, ta tsaya, ta kalli kan, ta kalle ni. "Wannan Kaisar ɗin, in ka matsa kusa ƙamshin gurasa yake ko?" Baba bai ji ba. Da za ta fita ta murɗe mini kunne.

Alhamis, 11 ga Barmuda

An dasa kan. Furanni, ganga, kowa ya zo ya jefa lubban a wuta gabansa, har hakimi ya sunkuya. Na tsaya bayan Gwaggo ina kallo. Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, rana tana dukan goshinsa.

Gidan Sambatiya ba su zo ba. Ba sa zuwa dama, mabiya Almasihun nan ne da ke taruwa ran Lahadi da sassafe, ba sa ƙona wa kowa turare.

Litinin, 22 ga Barmuda

An fara. Masu kifi suna ce wa Dosi "ranka ya daɗe, Kaisar, ba mu na jiya a rage". Wata mata ta ajiye gurasa a ƙafar gunkin, kasuwa ta kwashe da dariya.

Gwaggo ba ta dariya. Ta ce yi wa fuskar Kaisar ba'a laifin bulala ne, ko a tura mutum mahaƙar dutse a hamada, inda ba a dawowa da ido ko da baya. Baba ne ya sassaƙa. Dosi ne fuskar.

Baba ya je ya duba da kansa, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa dutsen. Ya dawo bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Laraba, 24 ga Barmuda

Dosi ya zo. Nan, cikin rumfar aikinmu, gari a hannunsa har gwiwar hannu.

Sau nawa na shirya wannan ranar a raina? A littafi saurayin yakan yi shiru, sannan ya faɗi abin da zai sa ta suma. Dosi kuwa ashe yana ɗan in'ina.

"Ke ce 'yar Fasiyon? An ce ke kika zana."

Na gyaɗa kai.

"Yaushe na zauna miki? Mutanenmu suna cewa na ba da fuskata an yi gunki. Wani dattijonmu ya ƙi karɓar gurasa daga hannuna. Innata ba ta iya cin abinci." Ya share hancinsa da bayan hannu, ya bar gari a kai. "Me na yi miki?"

Bai ma san sunana ba.

Na ce, "Ka yi haƙuri." Ya ce, "Haƙurin zai sauke kan?"

Ba zai sauke ba. Taɓa shi yanzu ma wani laifin ne.

Asabar, 4 ga Bashans

Ban buɗe littafin ba.

Talata, 21 ga Bashans

Hakimi ya aiko dogari. Baba da Dosi su bayyana gabansa idan ya dawo daga rangadi. Baba ya ce zai ce shi ya zana. Na ce ni zan faɗa da bakina. Ya ce, "Ke da ba kya iya taya albasa a kasuwa?" Na ce zan iya. Muryata ta fita da ƙarfi har ni kaina na tsorata.

Jumma'a, 1 ga Ba'una, shekarar ban san wa ba

Jirgi ya zo. Oto ya mutu, wai shi ya kashe kansa, wani Fitaliyus ne yanzu. Kafin azahar dogaran hakimi sun sauke kan da kansu, sun lulluɓe shi da buhu sun kawo mana. Babu wanda ya ƙara maganar shari'a. Wa zai tsaya kare mutuncin wanda ya faɗi?

Gwaggo ta kai wa Sarafis, abin bautarmu, zakaran godiya. Baba ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. "Mutum ya mutu a can Roma, mai gurasa ya sha!"

Farin dutse ya yi tsada, don haka wannan kan za mu mayar sabon Kaisar. Baba ya ce a jira tukuna, kada a yi gaggawa. Ya koyi darasi.

Laraba, 18 ga Abib, shekara ta farko ta Kaisar Basfasiyan

Gara da muka jira. Sojojin Iskandariya sun rantse wa wani daban, kuma wannan karon an aiko da kamanninsa na farar ƙasa. Tsoho ne, mai sanƙo, fuska a murtuke kamar cikinsa na ciwo.

Baba ya shafa kan Dosi, ya ba ni guduma. "Ke kika sa girar. Ke za ki cire."

Bugu ɗaya ta tafi. Na zaci zan yi kuka. Sai na ga ina tunanin yadda zan fitar da tamojin goshi daga abin da ya rage.

Lahadi, 29 ga Abib

Na je sayen gurasa da kaina. Dosi ya ce, "Na ji na tsufa a rumfarku." Na ce, "Har da sanƙo. Innarka tana cin abinci yanzu?" Ya ce tana ci, dattijon ma ya dawo. Ya tambayi sunana, na faɗa ba tare da kallon ƙasa ba. Na lura kunnuwansa manya ne. Duk zanen da na yi ban taɓa ganinsu ba.

Gwaggo ta tambaya ko na ɓoye ɓarin girar a ƙarƙashin matashi. Na share shi da sauran tsakuwa tun ranar.

Baba ya ce zai sa a ƙera mini ƙarfe daidai hannuna.

Littafin yana nan bayan tulu, budurwar tana hannun 'yan fashi tun Amshir. Zan duba ko saurayin ya cece ta. Gobe, ko jibi. Kunnen hagu na tsohon bai fita ba tukuna.