Mun Yi Tuwo da Irin Dawar Mahaifina

Zuwa ga Shugaban Shirin Rabon Sabon Iri na yankin Gaya da Ajingi.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni manomi ne a Balan, ina cikin waɗanda suka karɓi irin dawarku bara.

Na farko, ba zan zalunce ku ba. Malamin gonarku ya ce masana sun taɓa halittar dawar nan don ta jure ƙarancin ruwa, ɗan taki kaɗan kuma ya ishe ta. Gaskiya ya faɗa. Ruwa ya ɗauke da wuri, dawar maƙwabta ta tsaya, tawa ta nuna.

Na biyu, a nan kuka cuce mu. A wurinmu iri shi ne abin da ake ajiyewa. Kowace kaka maiɗakina Hajara takan zaɓi manyan zangarniyoyi, a ɗaure dami guda a rataye a rumbu, ko yunwa ba ta sa a taɓa shi. Haka muka yi wa dawarku, muka shuka ta bana. Sai ta fito wata doguwa, wata gajera, wata kanta ba ƙwaya. Da na kai kuka, aka juya mini bayan buhu, wai an rubuta da Turanci cewa ba a maimaita shuka ta. Ranka ya daɗe, mutum nawa ne a layin rabon nan suke karanta Turanci? Malaminku ya yi awa guda yana yabon irin nan da Hausa, wannan jimla ɗaya ce ta gagare shi fassarawa.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Akwai wata dawa kaura da mahaifina ya gada, ya bar mini. Ganin kyan dawarku, ni da bakina na ce wa Hajara a sauke damin kaurar, zamaninta ya wuce. Ta yi gardama, na ƙi ji. Aka sussuke, aka niƙa, muka yi tuwo. Bana na je Gafasa da Toranke wurin dangi neman ko kwano ɗaya. Duk sun karɓi naku, duk sun cinye nasu.

Ina roƙon ku faɗa wa manoma da Hausa, kafin su miƙa hannu, cewa wannan iri ba ya barin iri. Ku ce kowa ya riƙe damin gidansu. In kuma kuna da ma'ajiyar tsofaffin iri, ku duba mini kaurar Balan, mai jan kai, ko cikin tafin hannu ne.

Allah ya yi muku jagora, ya sa kada ku taɓa cin gadon ubanku da miyar kuka.

Wassalam.

Isiyaku Ɗanladi, Balan.