Rasuwar Alhaji Zakariya Mahmudu, Wanda Ya Ba da Gonar Gado

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Tsabtace Unguwanni ta Dogon Dutsi ta samu labarin rasuwar ubanta kuma shugabanta na farko, dattijon arziki, Alhaji Zakariya Mahmudu, wanda Allah ya karɓi abinsa ranar Litinin bayan doguwar jinya, aka kuma yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada.

Marigayin ya ga garin nan yana ta faɗaɗa, ruwan wanka da na wanke-wanke suna bin lunguna, kowace damina kuma masai su cika su tumbatsa har cikin zaurukan mutane, shi ya sa ya tara mu muka kafa wannan ƙungiya. Da wasu baƙi suka zo da alkawarin gina matatar ruwan ƙazanta, inda za a tace shi a ba masu lambu, suka ce fili kawai ya rage, kowa ya sunkuyar da kai, sai Alhaji ya miƙa gonar gadonsu ta bayan gari kyauta. Duk ɗan Arewa ya san gonar gado ba ta mutum ɗaya ba ce, don haka sai da ya yi ta sintiri zuwa Matankari wurin wansa, Malam Mansur, har ya bugi ƙirji cewa in abin ya ɓaci shi za a kama, sannan wan ya amince.

Abin kuwa ya ɓaci. An yi bikin aza harsashi, an ci an sha, an ɗauki hotuna, aka kafa allo da Faransanci cewa nan ne wurin ruwan ƙazantar gari, daga nan ba mu sake ganin ƙeyar kowa ba. Masu motocin kwasar masai kuwa suka ɗauki maganar allo da gaske, tunda an rubuta nan ne wurin, suka dinga juye kayansu a gonar da ta ciyar da gidan tun kaka da kakanni. Hatsi ya daina fita, rijiyar maƙwabta ta sauya ɗanɗano, wansa ya daina amsa masa sallama, Alhaji kuwa yana ta kai-komo daga wannan biro, wato ofis, zuwa wancan ana ce masa ya dawo gobe. Ba mu ce wannan ne ajalinsa ba, rai na Allah ne, amma mun shaida an ci amanarsa, kuma da wannan baƙin ciki ya kwanta dama.

Muna roƙon Allah ya jiƙansa, ya karɓi kyautarsa a matsayin sadaka mai gudana ko da mutane sun wulaƙanta ta, ya ba uwargidansa Hajiya Mubarika da 'ya'ya da 'yan'uwa juriyar wannan babban rashi.

An aiko mana cewa masu alkawarin suna shirin zuwa gaisuwa cikin ayari, kuma muna maraba da su. Sai dai Malam Mansur, wanda ya yafe wa ƙanensa a bakin kabari yana kuka, ya sa an ɗauke tabarmin makoki daga ƙofar gida an shimfiɗa su a cikin gonar. A can iyalai za su karɓi gaisuwa, a can kuma suke jiran amsa ɗaya, ko a fara aiki ko a mayar musu da gonarsu. Muna roƙon manyan baƙi kada kowa ya toshe hanci a gaban marayu.

Malam Sha'ibu Abdullahi
Kakakin Ƙungiyar Tsabtace Unguwanni ta Dogon Dutsi