Zaman Makoki a Hawa na Ashirin da Shida

Kano, 2 ga Maris, 1998

Ƙanena Maidaji,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Sai haƙuri, Allah ya yi wa Baba rasuwa ranar Laraba, mun kai shi da la'asar. Mun yi ta buga lambarka ta Bankok, wata mata tana ta yi mana yare. Sai jiya Tankari abokinka ya ce ai ka koma Sin tun da kasuwar can ta faɗi, shi ya ba mu adireshin. Kai dai ba ka sauya hali ba, sai ka tashi ake jin labari. Mutane sun cika ƙofar gida, kowa na tambayarka.

Yayarka,
Balki

Guangzhou, 24 ga Maris, 1998

Yaya Balki,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya, wasiƙarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na rasa wanda zan juya in gaya wa.

Benen da nake ciki a unguwar Xiaobei masu kuɗin Honkon aka gina wa. Sun saye gidajen don su sayar da riba, sai kasuwa ta karye, ba su shigo ba, ba su sami mai saye ba. Shi ya sa irina yake haya a arha, yana taka marmara. Ƙofa goma sha biyu ce a hawa na ashirin da shida, tawa kaɗai ake buɗewa.

Duk da haka na shimfiɗa tabarma a baranda, na bar ƙofa a buɗe, na ajiye ruwa da dabino, na zauna kwana uku kamar yadda ake yi. Rana ta biyu dillalin gidajen ya hau da wasu mata da miji. Ya yi ta murna, ya ce, "Lauban," wato maigida da yarensu, "ka riƙa zama haka kullum, masu saye su ga akwai mutum." Yaya, har yau ba wanda ya ce mini Allah ya ji ƙansa, hawayen ma ya ƙi zuwa. Gani nake kamar ban binne shi ba.

A gai da Inna.

Ƙanenki,
Maidaji

Kano, 9 ga Afrilu, 1998

Maidaji,

Muna lafiya. Na yi dariya na yi kuka. Wa kake jira a saman bene, tsuntsaye? Mun yi arba'in ranar Lahadi, ni na karɓi gaisuwa a madadinka. Inna ta ce ka naɗe tabarmar nan ka ci abinci, addu'a tana isa daga ko'ina. Ni kuma na ce in gidan ba mutane, ka baro musu marmararsu.

Allah ya tsare.
Balki

Guangzhou, 30 ga Afrilu, 1998

Yaya,

Ina gaisuwa. Ban naɗe ba, ki ba Inna haƙuri. Ranar Talata dillalin ya hau da wani dattijo ɗan zangon Kumasi, Alhaji Kallamu, mai neman wurin ajiye kaya. Yana ganina a kan tabarma ya tsaya. Ya cire takalmi, ya zauna, ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya rasu?"

Na gaya masa. Dillalin na ta kaɗa makullai, shi kuwa Alhaji sai da ya ja fatiha ya kira sunan Baba. Na yi kuka har na jiƙa masa hannun riga.

Bai kama gidan ba, ya ce ya yi nisa da ƙasa. Na raka shi har titi.

Ƙanenki,
Maidaji